Sharar Gidan Haulatu

Duk unguwarmu, nan bayan rijiyar Kusugu, babu macen da ta kai Haulatu shara. Ni Kulu nake faɗa, katanga ɗaya ce ta raba mu, kuma ni ba na yabon mutum don ya ji daɗi. Kafin in idar da lazimin safe na ji tsintsiyarta, da la'asar ma haka. Ganyen mangwaron tsakar gidanta in ya kuskura ya faɗo, ba ya shan rana a ƙasa. Tsakar gidan nan ta sha shara da yayyafi da tattaki har ta koma kamar daɓen siminti, in loma ta suɓuce maka a wurin ɗauka za ka yi ka ci. Haka uwarta ta tashe ta. 'Yar gidan teloli ce, a cikin gari aka haife ta, ba ta taɓa riƙe fartanya ba. Ni kuwa awaki nake kiwo, kada ma a tambayi yadda nawa gidan yake.

Mijinta Lawal ɗan lambu ne. Yana da wuri a fadama can hanyar Mai'adua, yana noma albasa da tumatir da latas. Da sassafe ya hau babur ya tafi, da yamma ya dawo da laka har gwiwa, ita kuma ta tare shi a zaure da buta, sai ya wanke ƙafa zai shigo. Mutum ne mai surutu da dariya, daga ɗakina nake jin labarin da yake ba ta ko ban so ba.

Bayan kaka hawan jini ya kayar da shi a bakin rijiyar lambun. Allah ya yi da sauran kwana, amma ɓarin dama ya shanye, baki ya karkace. Da za a sallamo su daga asibiti likita ya gaya wa Haulatu gaskiya: ƙafar za ta iya dawowa, amma sai ya riƙa tashi yana takawa, ko da dafa bango ne. In kuwa ya miƙe a gado ya zauna, jijiyoyin za su sandare, daga nan ba sauran magana.

To Lawal kwanciyar ya zaɓa. Ranar da aka dawo da shi abokansa na lambu sun zo dubiya, ya buɗe baki zai yi musu godiya, abin da ya fito ba magana ba ce, ga miyau ya biyo baya. Ya ga yadda suka sunkuyar da kai. Tun daga ranar ya rufe bakinsa. In masu dubiya suka yi sallama sai ya juya fuska bango. Kunu ya kurɓa sau ɗaya ya ture. Aka ba wani aron lambun, shi kuma yana ta ramewa a ɗaki, 'yarsu Fadila ta zo daga gidan mijinta ta yi kukan ta gaji ta koma. Wallahi na tausaya wa Haulatu, don duk abin nan ba ta taɓa ɗaga murya ba.

Wata safiya ta leƙo ta kan katanga.

"Inna Kulu, ara min fartanya."

"Ke da fartanya? Me za ki yi da ita?"

"Lambu zan yi wa Malam, daidai saitin ƙofar ɗakinsa. Mutumin da ya yi rayuwarsa cikin kore, yanzu ba abin da yake kallo sai bango. Ko Allah zai sa in ya ga tsiro zuciyarsa ta motsa, ya fito."

Dariya ta zo min, amma da na kalli idonta sai na haɗiye. Na miƙa mata fartanyar.

Ta ɗan karce saman ƙasar, ta shata komi guda, wato ɗan fili mai gefe-gefe da ake tare ruwa a ciki, yadda ta taɓa gani a lambun mijin. Ta watsa irin alayyahu, ta yi ta kwara ruwa safe da yamma. Abin ya tsiro jifa-jifa, rawaya, siriri, ko tsayin yatsa bai kai ba ya kwanta. Ta ce irin ne ba kyau. Ta sake saya, ya sake mutuwa.

Na ce mata ƙasar taki take so, ga kashin awakina nan, amma ta bari ya ruɓe tukuna. Ina, Haulatu ba ta da lokacin jira, tana ganin mutum yana ƙarewa a gabanta. Ta aika gidan masu kiwon kaji aka kawo mata kashi ɗanye, mai zafi, ta toshe hanci ta zuba shi a kan tsiron. Kafin rana ta faɗi sau biyu ganyen ya ƙone ƙurmus. Ga wari, ga ƙuda, a gidan Haulatu. Ranar na same ta a bayan ɗakin girki tana kuka a hankali don kada Lawal ya ji.

Ni nan na san awaki, ban san lambu ba. Sai na tuna Ijeoma, matar Okafor mai kayan gyaran babur a bakin titi, wadda muke kira Maman Ikem. Sun daɗe a Daura, Hausarta ta fi ta wasu 'ya'yanmu. A bayan shagonsu tana shuka ganyen miyar garinsu a cikin buhuna, kore shar, ko da rani. Na je na jawo ta.

Maman Ikem ba ta ko kalli matattun tsiron ba. Ta ɗebi ruwa a moɗa ta zuba a komin. Ruwan ya tsaya a sama yana kallonmu, sannan ya gangare gefe. Ta sa yatsa ta tona, ƙasan a bushe yake ƙayau. Ta jiƙa 'yar ƙasa ta dunƙule a hannu, ta buɗe, ta miƙa wa Haulatu.

"Shinshina."

"Ba na jin komai."

"To shi ne ciwon. Ƙasa mai rai tana da ƙanshi. Wannan an tattake ta, an sha wanke ta da ruwan sabulu, ba ganye, ba tana, ba ƙofar da ruwa zai shiga. Saiwa ta sauka ta ci me? Ni ma da na zo garin nan haka na yi ta asarar iri, na ɗauka ko'ina irin ƙasarmu ce." Ta waiwaya ta kalli tsakar gidan nan fes. "Maman Fadila, ina kike kai shararki?"

"Juji mana, bayan katanga."

Muka zagaya. Jujin nan kullum muna wuce shi, ba wadda ta taɓa tsayawa. Ga kabewa ta yaɗu a kansa, ga tumatir da yakuwa, ba wanda ya shuka, ba wanda ya ba su ruwa sai ɗan abin da ke gangarowa. Maman Ikem ta karɓi fartanya ta ture saman, ta tona ciki. Ƙasa ta fito baƙa wuluk, mai sanyi, tana warwarewa a hannu, tana ƙanshin ruwan farko. Har da tana a ciki.

Haulatu ta tsuguna ta ɗebi ƙasar tana kallo. Ganyen mangwaronta ne, da tokar murhunta, da ɓawon gyaɗa da ƙaiƙayin geron da ta sheƙe tun tana amarya. Shekara da shekaru tana kwashe abincin ƙasar gidanta tana kaiwa waje, da hannunta.

"Yanzu shigar da shi zan yi?" ta ce.

"Shigar da shi za ki yi," in ji Maman Ikem.

Aiki muka sha mu uku. Muka haƙa komin har kusan gwiwa, muka farfasa dandagaryar ƙasar da ke ƙasa. Muka tankaɗe ta jujin da tsohuwar rariya, muka tsince leda da fasassun kwalabe da tsoffin batura. Muka cakuɗa da tsohon kashin awakina wanda ya daɗe da hucewa, da 'yar toka kaɗan. Aka jiƙa, aka bar shi ya kwanta. Ruwan wanke-wanke mai sabulu kuwa Maman Ikem ta hana shi kusantar wurin. Da tsiro ya fito ya ɗan tasa, ta ce a rufe tsakaninsa da busasshen ganye da ɓawon gyaɗa, don zafi ya fara, in ƙasar ta zauna tsirara rana za ta shanye ruwan kafin azahar.

Alayyahu ya fito kuwa, wannan karon da ƙarfinsa. Haulatu ta naɗe labulen ɗakin Lawal ta rataye a ƙusa. Bai fito ba. Amma ta gaya min ya daina juyawa bango in ba baƙi, kuma in tana ban ruwa tana jin idonsa a bayanta.

Sai ga Adawiyya, yayar Lawal, ta zo dubiya ran Juma'a da wasu mata na danginsu. Adawiyya ba muguwa ba ce, tana son ƙaninta kamar ranta, amma bakinta ba linzami. Ina zaune a wurin. Ta shigo, ta tsaya, ta kalli ganye da ɓawon gyaɗa a tsakiyar gida, iska ta ɗan watso wasu har bakin tabarma.

"Ikon Allah. Haulatu, yaushe gidan nan ya koma juji? Don mai gida ya kwanta shi ke nan sai a saki komai? Mutane suna shigowa dubiya, me za su je su ce?"

Haulatu ta ce, "Yaya, na lambu ne," murya can ƙasa.

"Lambu a fadama yake. Nan gida ne, kuma da marar lafiya a ciki."

Wanda bai san mu ba zai ce ai magana ce kawai. Amma a wurinmu, in miji ya kwanta ciwo, tsakar gida ake fara kallo kafin a kalli marar lafiyan. A nan ake auna ko matar tana riƙe da shi ko ta gaji. Ita kuma Haulatu ba ta da wani abin tinƙaho a duniya da ya wuce a ce gidanta tsaf. Washegari tun da safe na ji tsintsiya, na leƙa, ta share komin tas, ta bi tsakanin tsiron ɗaya bayan ɗaya, ta kwashe ta kai bayan katanga.

Na ce, "Haulatu, kin san abin da kike yi kuwa?"

"Inna Kulu, ba zan iya ba. A ce na bar Malam cikin ƙazanta? Zan ƙara ruwa."

Ta ƙara ruwan, rana ta ƙara shanyewa. Saman ƙasar ya yi ɓawo ya tsage, alayyahun da azahar sai ya langaɓe. In na matsa mata da faɗa ta mayar da ganyen, in ta ji za a zo dubiya ta share. Haka ta yi ta yi, rufe yau, share gobe, tsiron ya rasa inda zai sa kansa. Raina ya ɓaci sosai, amma me zan ce wa macen da aka sa ta zaɓa tsakanin mutuncinta da mijinta, alhali duka biyun saboda shi ne? Shi kuma ƙafar nan ta fara ƙin lanƙwasuwa, ko juya shi za a yi sai ya cije baki.

Wata Juma'ar Adawiyya ta aiko cewa suna tafe bayan an sauko masallaci. Na shiga gidan da hantsi in taya Haulatu dama fura. Ta ajiye ludayi, ta ɗauki tsintsiya, ta nufi komin. Ta sunkuya ta share gefe ɗaya, ta tara ganyen gefen turmi ke nan, sai muka ji wani abu ya faɗi a ɗaki, kwanon sha ne ya gangaro har waje.

Lawal ne a bakin ƙofa. Ya sauko daga gado da kansa, yana zaune a ƙasa, ya jawo jiki da hannun hagu, ƙafar dama na biye da shi. Gumi ya jiƙa masa riga. Bakin nan a karkace yana ta motsi.

"Ba... bari."

Tsintsiyar ta faɗi daga hannun Haulatu. Ta yunƙura za ta ruga ta ɗauke shi, na riƙe mata zane. Na ce, "Tsaya. Ƙyale shi." Ban san inda na samo ƙarfin zuciyar ba.

Ya kama dokin ƙofa ya miƙe, ya zame, ya sake kamawa. Ya tsaya a kan ƙafa ɗaya yana haki, sannan ya jefa ɗayar gaba. Ya bi bango, daga bango ya kama turmi, daga turmi ya saki jiki ya zube a bakin komin. Tsakanin ɗakin da komin ba nisa, amma ni dai na ga kamar ba zai iso ba.

Ya cusa hannunsa mai lafiya a inda ta share, ya zaro. Ya cusa a ƙarƙashin ganyen da ya rage, ya daɗe bai zaro ba. Sannan ya kamo hannun Haulatu ya ɗora a nan, ya ɗora a can.

"Zafi," ya ce. Ya mayar da hannun ƙarƙashin ganyen. "Sanyi."

"Na ji, Malam."

Maganar tana fita da ƙyar, rabi a haɗiye, sai mun kasa kunne. Amma fa faɗa yake yi. Wai ta cika iri, sai an cire wasu don sauran su samu wuri. Wai ruwan da take kwarawa daga sama yana daddanne ƙasar, ta riƙa zubawa a gefe a hankali. Wai garar da ta gani tana cin ganyen har ta nemi magani, ta bar ta, ita ke huda ƙasa ruwa ya shiga. Ashe duk watannin nan yana kwance yana kallon ɓarnar da muke yi, abin yana cinsa. Ya ɗebi ƙasar ya murza, ya kai hanci, ya ɗaga ido ya kalle ta.

"Wa... ya haɗa?"

"Ni da Inna Kulu da Maman Ikem. Ta juji ce."

Ya gyaɗa kai. "Ta yi."

Haulatu ta sa gefen mayafi ta rufe fuska. Ni ma ban tsaya ɓoye nawa hawayen ba. Muka zauna nan a ƙasa, yana nunawa tana cirewa, inuwar mangwaro ta matso ta rufe mu, fura na can mun manta da ita. Ba wanda ya lura da lokaci sai da muka ji takun mutane a zaure.

"Salamu alaikum."

Muryar Adawiyya ce, da mata a bayanta. Haulatu ta miƙe zumbur. Ta kalli tsakar gida, ganye ko'ina, ga tsiron da aka cire a zube. Ta kalli mijinta, zaune dirshan a ƙasa, riga duk ƙasa, miyau a gefen baki, mutumin da ko 'yarsa ba ya yarda ta ga fuskarsa sosai. Ta sunkuya ta sa hannu a hammatarsa.

"Malam, bari mu mayar da kai ciki kafin su shigo. Inna Kulu, kama min."

Ya ture hannunta. Ya goge bakinsa da hannun riga, ya ja numfashi, ya juya wajen zaure.

"Wa... alaikumus... salam. Ku shigo."

A murɗe ta fita, amma har zaure an ji. Sannan Adawiyya ta shigo ita kaɗai da sauri, ta yi turus. Tun ranar da ya faɗi ba ta ji muryar ƙaninta ba. Ta zo da leshinta na Juma'a da kwanon abinci a hannu, ta tsaya tana kallonsa. Na zuba mata ido, na ce a raina in ta ambaci shara yau sai mun kwashi 'yan kallo ni da ita.

"Lawal," ta ce. "Kai ne a waje?"

"Ni ne, Yaya."

"Wa ya fito da kai?"

"Ƙafata."

Ta ajiye kwanon a ƙasa ba tare da ta duba inda ta ajiye ba. Sauran matan suka shigo suka tsaitsaya a bayanta. Lawal bai sunkuyar da kai ba, bai juya ba. Ya nuna tarin ganyen da Haulatu ta share ɗazu, can gefen turmi, sannan ya nuna inda ƙasar ta zauna a buɗe.

"Yaya... miƙo min."

Adawiyya ta kalli ganyen, ta kalli Haulatu. Sai ta tattare leshin nan ta durƙusa, ta tara hannu biyu ta kwaso, har da ɓawon gyaɗa da ƙasa, ta rarrafo ta kawo masa. Ya karɓa yana shimfiɗawa a gindin alayyahun da hannu ɗaya, a hankali.

"Ƙaro," ya ce.

Ta koma ta ƙaro.